Uwar Khal ɗin Hajiya Ɗaso

A gyara zama, a rage ƙarar jawwal, wato wayar hannu! Ga Hajiya Ɗaso, Sarauniyar Tsami ta unguwar Mansur a ƙasar Hajji, mai randuna biyar a saman soro, wadda warin sana'arta kan riga sallamarta shiga gidan mutane. Khal take yi na dabino, ruwan tsamin nan na girki. Ta gaje shi wajen uwarta, ita ma wajen tata uwar, wadda ta zo Hajji daga Sakkwato ta ce bari ta ɗan huta kafin ta koma, har ta rasu tana hutun.

Aikin ba wuya, sai dai ba na mai gaggawa ba ne. A ƙaramar randa ake ɗiba, a cike gurbin daga ta kusa da ita, haka har zuwa babbar, inda sabon ruwan dabino ke shiga. Ba a ƙarar da randa. A gindin ƙaramar kuwa akwai wani abu mai yauƙi kamar tumbin da ya kwana a ruwa. Shi ake kira uwa, shi ke mayar da zaƙi tsami, kuma tun zamanin kakar Hajiya yake nan. In ya mutu, gado ya mutu.

Jikanta Marwan saurayi ne mai himma: lokacin Hajji yana tura keken tsofaffi a Mina, sauran shekara yana fama da gajiyar. Rannan ya cusa mata jawwal a fuska.

"Ya Sitti, kakata, dubi nan! Wasu iyali ne a Italiya, baƙin khal suke yi a gangunan katako tun kakan kakansu. Kwalba kamar ta turare, ana ɗiga shi kamar maganin ido. Har baƙi ke zuwa kallo! Ke kuwa kina ɗura naki a robar ruwa."

"To maigidana, su ma jikan nasu zaune yake?"

Bai ji ba. Ranar da ta tafi bikin suna a Jidda, ya kira abokinsa Rakan mai ɗaukar bidiyo, wanda Hausarsa ta tsaya a "sannu". Rakan ya leƙa randuna ya toshe hanci, ya ce duniya ba za ta kalli wannan dauɗar ba. Suka juye khal a bokitai, suka dirje randuna da sabulu mai ƙamshin lemo. Da Marwan ya ciro uwa, ya ce, "A'uzu billahi! Dama wannan muke ci?" Ya wurga ta a shara.

Hajiya ta dawo, ta hau soro, ta zura hannu a ƙaramar randa. Yatsunta suka taɓo gindi fes. Ba ta yi faɗa ba, zama ta yi a ƙasa, abin da ya fi faɗan tsoratar da Marwan. Da ya gane abin da ya zubar, ya zura da gudu ba takalmi, amma motar shara ta riga shi.

Can Hajiya ta ce ya je wajen Kabira, maƙwabciyar da ta taɓa yankar wa ɗan guntun uwa lokacin suna shiri. Tun daga nan Kabira ke yawo da cewa nata ya fi.

A ƙofa Kabira ta tsayar da shi.

"Ɗaga murya, ɗan nan, kunnena ya yi nauyi. Wa ka ce ta aiko ka roƙo?"

Sai da layin kaf ya ji sunan Ɗaso, sannan ta yanko masa a kwanonta.

Marwan ya hawo soro da kwano a sama kamar kofin ƙwallo.

"Albishirinki, ya Sitti! Gado ya dawo gida! Tarihi zai shaida cewa ni, Marwan, na ceto..."

Hajiya ta karɓa ta sansana.

"Na Kabira ne. Juye a ƙaramar randa, ka mayar mata da kwanonta."