Shafi Ashirin da Uku da Ban Karanta Ba

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa suna ƙasar nan, an taɓa ɗora mini alƙalancin littattafai. Jikata ce ta matsa sai na ba ku labarin, ita ce kuma take buga shi a waya ina faɗa, don haka in kun ga kuskure kun san inda za ku nufa.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar elementare a Haɗeja. Ban daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba. Ina da gajeren wando na kaki guda biyu, da keke, da ƙamus na Turanci wanda nake ɗaurewa a bayan keken ko da kasuwa za ni. A ganina, in aka cire Bature, duk garin babu wanda ya fi ni sanin abin da ya dace da yaro. Ban yi aure ba, ban taɓa renon ko ɗan akuya ba.

Wata rana da farkon damina Baturen makaranta ya zo rangadi. Bayan ya duba rajista ya duba farcen yara, sai ya ciro ƙunshin takardu uku daga jaka ya ajiye a teburin hedimasta. Ya ce littattafan yara ne da mutanen ƙasa suka rubuta da Hausa, an buga su da tafireta, ba a sa sunan kowa ba. Guda ɗaya kawai za a kai maɗaba'a a raba wa makarantu, don takarda ta yi wuya. Yana so malamai su karanta su rubuta ra'ayinsu. Masinja zai zo karɓa bayan mako biyu.

Hedimastanmu dattijo ne, ido ya fara ba shi wahala. Da Bature ya tafi sai ya turo mini ƙunshin ya ce, "Malam ƙarami, aiki ya same ka. Ka bi su a hankali, mutane ne suka rubuta su."

Na ce, "To, Malam." Amma hankalina ya riga ya tafi ga irin Turancin da zan zuba a rahoton.

Na farko waƙoƙi ne. Waƙar wanke hannu, waƙar sauro, waƙar zuwa makaranta da wuri, waƙar biyayya ga na gaba. Kowane baiti yana zaune a kan ƙafarsa, amsa-amo bai kuskure ba. Na ce wannan ya yi.

Na biyu labarin wani saurayi ne da ya shiga kwalekwale daga Haɗeja ya bi kogi har Tafkin Chadi yana neman yayansa da ya ɓata. Ya yi faɗa da kada, ɓarayin ruwa suka kama shi, ya tsere. Ya yi kama da littattafan da muka karanta a makarantar horo, don haka ya burge ni. Na rubuta cewa zai koya wa yara jarumta da labarin ƙasa.

Na uku ya fi su tsawo, shafi arba'in da wani abu. Labarin wata yarinya ce 'yar masunta. Ubanta ya fita su a kan gora, wato ƙaton duman nan da masuntanmu ke kwanciya a kai su bi ruwa, sai goran ya dawo shi kaɗai. Yarinyar ta bi sawunsa ta nutsa, ta iske gari a ƙarƙashin kogi. A garin nan ake ajiye duk abin da ruwa ya taɓa ci: ludayi, zobe, takalmi wari guda, tulu, sandar makiyayi. Na yi ta bi har inda wata tsohuwar tarwaɗa ta buɗe baki ta yi wa yarinyar sallama. Nan na rufe. Na ce ai tatsuniya ce aka yi wa riga da wando. Mu da aka turo mu fitar da yara daga duhu, za mu koma muna gaya musu kifi yana magana?

Kwana uku na yi a kan rahoton. Waƙoƙi na ɗaya, tafiyar kwalekwale na biyu. Da na zo kan na uku sai na buɗe ƙamus na zaɓo kalmomi masu nauyi. In an juya su da Hausa, cewa na yi labarin ba shi da kai ba shi da gindi, ba ya ƙarewa da wani darasi, kuma marubucin bai san abin da yaro yake bukata ba. Na kwafe shi da tawada a farar takarda, ko ɗigo bai ɓaci ba. Na daɗe ina kallonsa.

Ana gobe masinja zai zo, ruwa ya tsinke daf da tashi daga makaranta. Irin ruwan nan mai cika kwararo nan da nan. Yaran ajina, 'yan aji huɗu, yawancinsu 'ya'yan masunta ne da manoman shinkafa, wasunsu sun kai shekara goma sha uku ko sha huɗu. Babu damar sakinsu. Sun fara hayaniya, ni kuma na ƙare darasin ranar. Sai na tuna ƙunshin yana cikin jakata.

Na fara da waƙoƙin. Suka amsa amshi yadda aka koya musu, cikin ladabi. Kafin in kai waƙa ta uku biyu sun kifa kai a tebur.

Na koma kan tafiyar kwalekwale. Nan suka farfaɗo. Ina cikin karanta inda saurayin ya tashi daga Haɗeja ana tsakiyar zafin bazara, sai ɗaya daga cikin 'yan mata uku da ke ajin ta ɗaga hannu.

"Malam, da bazara ya tafi?"

Na ce haka aka rubuta.

Ta ce, "To a ka ya ɗauki kwalekwalen? Ai da bazara akwai wuraren da jaki ma da ƙafa yake tsallakewa."

Aji ya fashe da dariya. Daga nan sai karatun ya zama farauta. Wannan ya ce ba haka ake jefa taru ba, wancan ya ce kada ba ya kwana a inda aka ce. Sun ji daɗin labarin, amma ba ta hanyar da marubucin ya so ba. Ni da na rubuta cewa zai koya musu labarin ƙasa, sai na yi kamar ina gyara takardu.

Ruwa bai tsaya ba, sai na ɗauko na uku don babu wani. Ban yi shafi biyu ba hayaniya ta mutu. Babu mai gyara wa marubucin komai. Da aka zo garin ƙarƙashin ruwa, wani daga baya ya ce a hankali, "Ƙila kwanon innarmu yana can." Ba wanda ya yi dariya. Tarwaɗar da ta kore ni, su ko gezau. Da ta yi sallama, rabin ajin suka amsa mata.

Daidai nan ruwa ya ɗauke. Na rufe takardun na ce kowa ya kama hanya kafin wani ya sake haɗowa. Suka ce Malam a ƙarasa. Na ce gobe.

Da na koma gida na ɗauko rahoton na duba. Ba zan ce ban yi tunanin sake shi ba. Amma na gaya wa kaina cewa yara suna son alewa ma, ba a tambayarsu abin da za a dafa. Gaskiyar maganar kuwa, takardar ta yi kyau, kuma ina ƙyashin sake kwafe ta. Da safe masinja ya zo ya kwashe littattafan da rahoton. Yara suka yi kwana biyu suna tambaya, na ce an mai da su inda suka fito.

Bayan wata biyar ko shida aka kawo littafin waƙoƙin a buge, da bango mai launin ƙasa. Na ji daɗi, ina ganin da hannuna a ciki.

Ina da aboki a lokacin, malamin gona ne, yana zagaya ƙauyukan fadama yana duba shinkafa. Asalin iyayensa daga gabas ne, wajen tafki, har Hausarsa tana da ɗan wannan karkatar. Mutum ne mai shiru. Kusan kullum Juma'a in an sauko daga masallaci tare muke cin abinci a zauren gidan da nake haya. Wata Juma'a ya zo da babban ambulan a hammata. Sai da muka gama ci muka wanke hannu sannan ya zaro takarda ɗaya ya miƙo mini.

Rahotona ne. Ashe in an dawo wa marubuci da littafinsa, ana haɗo masa da abin da aka ce a kai. An yanke wurin sa hannu, amma ya san rubutuna kamar yadda ya san fuskata.

Na ce, "Kai ne?"

Ya ce, "Ni ne, Malam."

Na ce ai ban sani ba.

Ya ce, "Na san ba ka sani ba. Gara haka, da ka sani da ba ka faɗi gaskiyarka ba. Abu ɗaya kawai nake so in tambaya. Ka ce ba ya ƙarewa da darasi. Ka kai ƙarshen?"

Da na so, da na ce e. Ba shi da shaida. Amma yadda ya yi tambayar, ba da faɗa ba, kamar mai tambayar ko an yi ruwa a ƙauyenku, sai ƙaryar ta ƙi fitowa. Na ce a wajen tarwaɗa na tsaya.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Shafi na ashirin ke nan. Saura ashirin da uku."

Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa tambaya ba duk zaman da muke yi. Yayansa masunci ne, ruwa ya ci shi shekara uku kafin nan, ba a ga gawar ba. Ya bar 'ya mace, tana hannun abokin nawa. Kullum in an wuce bakin kogi sai ta tsaya tana leƙe. An yi mata nasiha, an yi mata tsawa, ba ta daina ba. Shi ne ya fara shirya mata labarin kaɗan kaɗan, in ya dawo daga ƙauye. Da ya ji ana neman littattafan yara sai ya rubuta, ya ce ƙila akwai irinta a wasu garuruwan.

Na ce ya ba ni in ƙarasa. Ya bar mini ambulan ɗin ya tafi, don yana da tafiya Kaugama da sassafe.

A nan zauren na zauna na karanta. Tarwaɗar ta gaya wa yarinyar cewa in ta iya gane komar ubanta, wato ragar da yake su da ita, a cikin dubban koma da ruwa ya ci, za a haɗa ta da shi. Ta gane ta ta wani ƙulli da ita kanta ta taɓa yi da zare ja. Aka kai ta wurin uban. Suka zauna, suka yi hira ta kwana guda. Ta ce za ta zauna tare da shi. Ya ce a'a, ta ɗauki komar ta koma gida, don komar ta yage a gefe, kuma babu wanda ya san ƙullinsa sai ita. Ta fito, ta zauna a bakin ruwa ta ɗinke ta. A nan labarin ya ƙare. Babu baitin nasiha a ƙasa, babu jan layi.

Washegari na rubuta wa Baturen wasiƙa, na ce na yi kuskure a rahotona, ina roƙo a sake duba na uku. Wannan karon ban buɗe ƙamus ba. Amsa ta zo bayan wata guda, layi biyu, daga wani Baturen daban, don an yi wa na farkon canjin wurin aiki. Ya ce an gode, an riga an rufe maganar.

Na karanta wa ajina sauran labarin kafin in mayar wa abokina. Hedimasta ya tsaya a bakin taga ya saurara har aka gama, sannan ya wuce. Bai taɓa tambayata abin da na rubuta a rahoton ba, ni ma ban gaya masa ba.

Abokantakarmu ba ta taɓu ba. Mun ci abincin Juma'a tare shekara da shekaru, shi ya yi mini babban aboki da na yi aure, ni na tsaya a kan auren 'yar yayan nasa. Amma bai sake rubuta komai ba. Na taɓa zuga shi sau biyu ko uku, sai ya ce aikin gona ya yi yawa. Bayan rasuwarsa na tambayi iyalinsa takardun, suka ce wata shekara da ambaliya ta shiga unguwarsu akwatin da suke ciki ya jiƙe, aka zubar.

Daga baya an sha ba ni irin wannan aiki, har na zama wanda ake kira in za a zaɓi littattafan makarantu. Ban zama mai sassauci ba. Na ƙi littattafai da yawa, wasu har yau ina ganin daidai na yi. Littafin waƙoƙin nan ma ba mummuna ba ne, yara sun koyi wanke hannu da shi. Abin da ya canza ƙarami ne: ban sake sa hannu a kan littafin da ban kai ƙarshensa ba, kuma ban sake yanke wa littafin yara hukunci ba sai na karanta shi da baki a gabansu na ga inda suke kifa kai.

Ba na ɗaukar abin da zafi yanzu. Rahotona ɗaya ne cikin da yawa, mai yiwuwa ko da na yabe shi ba shi za a buga ba. Wannan ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne, mako biyu aka ba ni, na kashe kwana uku ina zaɓen kalmomi, kuma ranar da na zauna a kan shafi ashirin da ukun nan, tsakanin la'asar da magariba na gama su.