Ragar Gashin Lungunmu

A lungunmu na Ƙofar Kibo raga ɗaya muke da ita ta gashin nama. Asalinta ƙasan wani gadon ƙarfe ne da ya yi ritaya, ba wanda ya tuna mai shi. Shekara guda tana jingine a zauren liman, sai Babbar Sallah ta fito aiki, ta bi gida gida, daga babba zuwa ƙarami.

Tana da dokokinta, kuma da yake ba a rubuta su ba, ba a karya su. Ba ka aikawa a karɓo maka ita, sai an kawo. Wanda ya gama ba ya wankewa, yana miƙa ta da maiƙonta, da tsoka guda a kai, mai karɓa shi zai sa toka da soso ya dirje. Ni da nake koyar da darasin tsabta a firamare na san abin da littafi ya ce kan wannan tsari, amma littafin bai taɓa zama a Ƙofar Kibo ba.

Shekarar da na fara layya, Sallah ta faɗo bayan ɗaukewar ruwa, zafi bai tafi ba. Mahaifiyata tana ƙauye, likita ya hana ta soyayyen abu. Ta aiko cewa abu ɗaya take so daga ragon farko na ɗanta, awaza, a yi mata banda a hankali kan garwashi. Sai matata ta soye sauran naman ban da cinya guda, muka shafa wa awazar gishiri muka rataye ta a inuwa, muna jiran raga.

Gidan da ke gabanmu a layin jiran raga na wani tsoho ne mai ɗinkin manyan riguna, katanga ɗaya ta raba mu. Idonsa ya yi rauni a shekarar, allura ta gagare shi. Ba mu ji kukan rago a gidansa ba, kuma duk lungun ba wanda ya ji, ba wanda ya ce bai ji ba. Liman ya aika masa da ragar kamar kullum, don tsallake shi tonon asiri ne. Ya karɓa, ya wanke, daga nan ta tsaya. Ba shi da abin ɗorawa, kuma ba zai miƙa ta fes babu maiƙo ba.

Na ga kamar abin mai sauƙi ne. Na kai masa cinya guda a matsayin rabon maƙwabta, don ya samu abin gasawa. Ya yi ta sa mini albarka. Da la'asar sai ga kwano daga gidansa, an yanka cinyar an rarraba wa lungu da sunan rabon layyarsa. Mu ma mun samu namu. Matata ta duba tsokar ta ce ta gane ta, ita ta feɗe wajen da hannunta.

Na ce to mu kafa itace mu gasa abinmu. Ta ce hayaƙin ta ina zai bi, in ba ta kan katangar ba? Tsohon zai shaƙa ya san mun tsallake shi, ya san kuma dalili. Na ce mu soya. Ta ce sai in kai wa Inna abin da zai kwantar da ita. Na je wurin liman na fara zagaye-zagaye, ya ce raga ai tana hanya, ya koma kan lazimi.

Kowace safiya nakan shinshina awazar kamar mai gyaran jarrabawa, ina rage mata maki. Ƙudaje kuwa sun riga ni yanke hukunci. Matata ta ƙara gishiri, ta rufa tsumma, ta daina kallona in na shigo.

Ranar da tsohon ya kawo ragar, da kansa ya jawo ta, yana laluben bango. An goga mata man gyaɗa, an ɗan kanga ta a wuta don ta yi baƙi. A kai akwai 'yar tsoka, ban san inda ya samo ta ba.

"Malam, mun ɓata maka lokaci," in ji shi. "Aikin ne ya yi mana yawa."

"Ba komai, Baba. Mu ma sai yanzu muka kintsa."

Awazar ta riga ta yi kore a gindin ƙashi. Duk da haka na tsuguna na dirje man gyaɗar da toka, na haɗa garwashi, na ɗora ta, domin tsohon yana bayan katanga yana jiran ƙanshi, wani leburan reluwe kuma yana bayana a layi yana jiran maiƙo. Na yi ta juya naman da na san binne shi zan yi, matata tana zuba barkono a wuta wai ya danne warin, mu duka muna tari.

Washegari na hau mota zuwa ƙauye da kwanon soyayye. Inna ta buɗe, ta duba, ta rufe. Ta tambaye ni ko ragon yana da kitse, na ce yana da shi. Ta ce madalla, ta miƙa kwanon a kai wa maƙwabta.