Gyaran da Na Jinkirta wa Ammu Muttaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar na 1446, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ammu, wato Baffa, Muttaka Ja'afaru na unguwar Hindawiyya a nan Makka, yana da shekara hamsin da takwas. Ciwon zuciya ne ya same shi a wurin aiki, yana durƙushe da sifana a hannu. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, muka raka shi makwancinsa. Ni Awwal, ɗalibin ilimi daga Kano, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma wallahi kafaɗata ba ta taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Akwai haƙƙinsa a kaina. Na ɓata masa suna a gaban mutane, na yi alkawarin gyarawa a gaban mutane, ya rasu ban gyara ba.

Ammu, a nan aka haife ka. Kakanka ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa don aikin hajji, ya zauna. Hausarka ta Katsinawa ce da ta sha Larabcin Hijaz, in ka fara magana da "yalla" sai ka ƙarasa da "to madalla". Sana'arka ta fari gyaran mukayyif ce, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma wanda ya san zafin Makka ya san mai wannan sana'a ba ƙaramin mutum ba ne. A shekarata ta farko mukayyif ɗin ɗakina ya mutu ana tsakiyar zafi, wani ya ba ni lambarka. Ka hau bene hawa huɗu da jakar kayan aiki, ka gyara, ka dubi tulin littattafaina ka ce, "Ya Shaihi, duk wannan a kai guda? To bari mu sanyaya shi kada ya ƙone." Tun ranar ba ka sake kirana da sunana ba. Tsofaffin matan unguwar Misfala da ba su da kowa sun fi ni sanin ka. Kakan zagaya su kafin zafi ya kama, ka wanke musu na'urori, ka tafi ko shayi ba ka tsaya sha ba.

Daga baya wata gonar binciken dabbobi da ke bayan gari ta ɗauke ka aiki. A can akwai likitar dabbobi, Dakta Manar, wadda abu guda ya dama: ƴan tumakin da uwayensu suka mutu ko suka ƙi su, yawancinsu ba sa kai wata guda. Tana son gano wace madarar haɗi ce ta fi raya su, amma in aka zuba su garke guda, mai ƙarfi ya ture mara ƙarfi, babu yadda za a san wa ya sha nawa. Ta ce maka a Turai akwai kejin da aka ƙera don irin wannan bincike, sai dai don ƴaƴan alade aka yi shi. Ka ce ta samo maka littafin zanensa kawai, sauran ta bar maka.

Wannan littafi ne ya jawo komai. Wata rana ka bar shi a gaban motarka ka shiga masallacin unguwa sallar azahar, ga hoton ƴan aladu jere a bangonsa. Wani ya ɗauka da waya ya tura dandalin unguwa. Kafin la'asar magana ta zama Muttaka yana kiwon alade a bayan Makka. Ni kuwa a lokacin na fara jin kaina malami, ina ɗan karantar da fiƙihu bayan sallar Juma'a, dattawa suna zama. Aka nuna mini hoton, aka ce, "Malam, me ka gani?" Ban tambaye ka ba, Ammu. Ban ce a kira ka ba, alhali gidanka ba ya wuce taku ɗari daga inda nake zaune. Na gyara zama na ce duk abin da aka yi don najasa a nisance shi, a kuma yi hattara da mai shi. Kaico! Jimla ɗaya ce, amma daga bakin wanda ake kira malam ta fito.

Mutane suka daina kiranka gyara. Wasu in ka tsaya a sahu sai su ɗan matsa. Da babbar salla ta zo, matarka Hajiya Maryama ta raba naman layyarku gida gida kamar yadda ta saba, gida biyar suka mayar mata da kwanonta a rufe, naman yana ciki.

Bayan salla da kwana uku ka ƙwanƙwasa mini ƙofa da safe. Na zaci faɗa ka zo yi, har na tanadi hujjoji. Sai ka ce, "Ya Shaihi, sa takalminka. Zo ka ga aladun nawa da idonka."

Abin da na gani a gonar har yau yana idona. Ɗaki ne dogo mai sanyi, da keji ashirin da huɗu a jere, kowane da ɗan tunkiya guda. Ƙarfen sabo ne fil, kai ka yanka, kai ka yi waldarsa, alade bai taɓa ko shinshinar sa ba. Kowane ɗan tunkiya yana da lamba a kunne. In ya matso, na'ura ta gane shi, ta sako masa madara mai ɗumi ta tiyo zuwa kan nono na roba, ta rubuta a kwamfuta abin da ya sha. A ƙarƙashin daɓen akwai sikeli da ke auna nauyinsa kullum ba tare da an taɓa shi ba, kashi da fitsari kuma suna zuba ta ramukan daɓen zuwa kwata. Ka nuna mini inda ka saɓa wa littafin. Su can sanyi suke tsoro, sai suka sa fitilar ɗumama keji, kai kuwa ka cire ta ka sa sanyi, don a Makka zafi ne ke kisa. Nasu kan nonon a ƙasa yake, kai ka ɗaga shi sama, don ɗan tunkiya a tsaye yake tsotso yana tunkuri. Kana dariya ka ce sun fasa maka roba ta fi talatin kafin ka gano ka sa mata waya mai lanƙwasa a baya. Ka ɗauko wani ɗan ƙarami da aka kawo ba ya iya tsayuwa, ga shi yanzu yana cizon yatsanka. Dakta Manar ta ce mini a da rabi suke rasawa, a wannan zubin biyu kaɗai suka mutu.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na kama hannunka na ce ka yafe mini. Ka ce, "Halas, shi ke nan, ni na yafe tun kafin mu fito. Amma a gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka gyara. Ba don ni ba, don Maryama da yara." Na ce Juma'a mai zuwa, in sha Allahu.

Juma'ar ta zo, na ga dattawa sun cika, sai na fasa. Malami ya tashi ya ce na yi fatawa da ka? Wa zai sake zama a gabana? Na ce bari sai an ragu. Ta gaba na ce jarrabawa ta matso. Daga nan na tafi Kano hutu, na dawo, sai na fara gaya wa kaina ai magana ta mutu, tono ta ma ɓarna ne. Ƙarya nake, girman kai ne kawai, ba wani abu ba. Shekara guda da wata biyu ina wannan jan ƙafa. Kai kuwa ko sau ɗaya ba ka tuna mini ba. Da mukayyif ɗina ya sake lalacewa, kai ne ka hau benen nan ka gyara, kana tsokanata da Shaihi kamar babu komai.

A rana ta uku ta zaman makoki, bayan magariba, an jera kujeru a ƙofar gidanka ana zagayawa da gahawa, na miƙe tsaye. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan, ban rage ba. Na ce Muttaka bai taɓa kiwon alade ba, marayun tumaki ya raya, ilimin ƙira ya ɗauko daga littafi ya yi wa halal hidima da shi, ni ne na yi magana ban bincika ba. Wani dattijo daga cikin waɗanda suka mayar da naman ya rufe fuskarsa da rawani.

Babban ɗanka Abdulilah ya kama hannuna ya kai ni bakin labule, ya ce mahaifiyarsa tana son magana da ni. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Sannan ta ce, "Malam, na ji abin da ka faɗa, Allah ya saka. Shi bai taɓa riƙe ka ba. Amma kowace Juma'a sai ya zauna a karatunka har a tashi. In ya dawo na dube shi, sai ya ce, 'Ki yi haƙuri, ƙila mako mai zuwa.'"

Ina ganinka kuwa, Ammu, a can gefen ginshiƙi, kowane mako. Na ɗauka karatu kake zuwa ji.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane rai da ka raya ya zama nauyi a mizaninka. Allah ya ba Hajiya Maryama, da Abdulilah, da ƙanwarsa Shaima, da dukan dangi haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu. Ni kuma duk wanda ya karanta wannan, in ya taɓa jin waccan magana daga bakina ko daga bakin wani, ina roƙonsa don Allah ya kai gyaran har inda ɓarnar ta kai. Allah ya gafarta mini jinkirina, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.