Motar da Ban Faɗi Aibinta Ba

A shekarun da rikici ya yi tsanani a Maiduguri, ni dillalin motoci ne a wani fili kusa da GRA. Kasuwa ta mutu murus, kullum sai goge tsofaffin motoci muke yi muna hamma. Ana cikin haka maigidana ya kawo wata sabuwa dal daga Legas, ƙirar Jamus, ja wur, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Motar gudu ce, in ka taka ta sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Matsalarta ɗaya: a ƙasa take kamar ƙadangare, ko ɗan tudun rage gudu sai an karkace ake hawa. To wa zai saye ta a garin da kowace kwana akwai shingen sojoji? Wata huɗu tana zaune, maigida yana hararata kamar ni na ce ya sayo ta.

Sai ga wani dattijo, dillalin dabbobi. Iyayensa makiyaya ne, shi ya zauna gari ya yi arziki a Kasuwar Shanu. Ya zagaya motar yana bubbuga gefenta da tafin hannu, har na zaci zai buɗe mata baki ya duba haƙora.

"Ɗana, tana gudu?"

"Alhaji, ai ko jirgin sama sai ya yi da gaske."

Ya ce shi ba don burga yake so ba. Mahaifiyarsa tana Zabarmari, can wajen gari, ta tsufa tukuf, ta kuma rantse ba za ta bar ɗakinta ba sai dole. "Ran da aka ce yaran dajin nan masu bindiga sun taso, so nake in je in ɗauko ta kafin su iso. Wannan za ta yi?"

Ya kwatanta mini layin gidanta, na kuwa san shi sarai, don ƙanwata tana aure a can. Da damina motocin ɗaukar shinkafa sukan haƙe gefe da gefe, tsakiya ya yi tudu. Ga wata tsohuwar a-kori-kura a bayana, mai tsayi, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma ita ce ta dace da shi. Amma la'adarta ba ta kai ta kawo ba. Na ga tsoro a idon dattijon nan, sai na ɗora wani abu a kan farashin da maigida ya yanke. Abin da na yi ke nan, ba zan yi masa kwaskwarima ba.

Kafin mu sallama ya ce, "Aibi fa?" A kasuwarsu haka ake yi, mai dabba shi ke faɗin aibinta da bakinsa kafin a yi ciniki.

"Sabuwa ce, Alhaji. Sabuwa ina ta ga aibi?"

Ya ce Allah ya sa albarka, ya biya.

Bayan wata biyu ranar ta zo, ana tsakiyar damina. Direbansa ne ya ba ni labari daga baya. Sun lallaɓa sun isa, sun ɗauko tsohuwa, a dawowa cikin motar ya zauna daram a kan tudun hanya, tayoyi suna juyawa a banza. Lokacin an hana babura, kowa kuma ta kansa yake yi. Alhaji ne ya goya mahaifiyarsa, mutum mai furfura, tun daga nan har shingen sojoji. Allah ya tsare, sun tsira. Sai dai bayansa bai sake miƙewa ba, da sanda ya koma tafiya.

Na yi ta jiran ya zo ya ci mini mutunci, har na tanadi abin da zan ce. Bai zo ba. Da ya zo ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi.

Da Babbar Sallah ta matso na shiga kasuwa neman rago, ina ta kauce wa ɓangarensa. Ashe ya hango ni, sai ya jefo mini gaisuwar Barebari.

"Wushe, ɗana! Ka zo har nan ba za ka gaishe ni ba?"

Na je na gaishe shi. Don in samu wurin ajiye idona, na nuna wani ƙaton rago fari na ce shi nake so. Alhaji ya jingine sandarsa, ya sunkuya da ƙyar yana nishi, ya ɗaga ƙafar ragon ta baya.

"Wannan in ya yi tafiya mai nisa ɗingishi yake yi. Yanzu ba za ka gani ba, amma kar ka yi layya da shi. Ga wancan ƙaramin, lafiyarsa ƙalau, kuma ya fi araha."

Ya daɗe kafin ya iya ɗagowa, hannunsa ɗaya dafe da ƙugu. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki da niyyar in ce ya yafe mini, in gaya masa na san hanyar nan tun ranar. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Nawa ne ƙaramin, Alhaji?"