Lalas a Ƙugun Baba

Ni ban taɓa zama na ce zan koya wa mutane motsa jiki ba. Dako nake yi a filin jirgin Madina, a shekarun da alhazai ke sauka da akwatunan ƙarfe kamar sun kwaso garinsu. Takaici ne ya ja ni. Sai ka ga ƙato ya duƙa kamar mai ruku'u, ya fizgi akwati da ƙugu, gobe ka same shi kwance yana kiran uwarsa. Na cika gwangwanayen madara da siminti, na soka musu bututun ruwa, na hau da su rufin gidan da muke haya a unguwar Sultana. Bayan la'asar duk mai so ya hau. Karatun nawa ɗaya ne: tsuguna, rungumi kaya, tashi da gwiwa.

Cikin masu hawa akwai wani dattijo ɗan Damagaram, abokin aikinmu, kowa Baba yake ce masa. Ƙugunsa ya gaji, mudir ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, kuma ya lura. Ya ce masa ranar da jirgin alhazai na farko ya sauka zai tsaya a kansa, in ya kasa ɗaga kaya, halas, ba za a sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba. Shekara ashirin Baba yana garin Manzo, ba shi da wani buri sai a binne shi a nan.

Wata uku muna fama. Na fara shi da gwangwani ɗaya, har ya kai huɗu. Ranar da ya tashi da huɗun bai yamutsa fuska ba, wallahi daɗin da na ji ya fi na ranar aurena. Abu ɗaya ne ya gagare ni: Baba ba ya tuɓe riga. A wannan zafin na Madina! Ya ce shi ba zai tsaya tsirara gaban 'ya'yan cikinsa ba.

Saura kamar kwana goma jirgin ya sauka, sai na fara jin wani wari a rufin. Na zagi kyanwar maƙwabta, na zagi magudanar ruwa. Rana ta uku na tsaya bayan Baba in gyara masa tsayuwa, sai ɗoyin ya buge ni har makogwaro. Rigarsa ta manne a ƙugu, rawaya, ƙudaje na bi.

Na sallami sauran, na ce, "Baba, ku yi wa Allah ku ɗaga rigar nan."

Ya ce, "Ɗana, ba komai ba ne."

Da ƙyar ya ɗaga. Ashe dattawan gidanmu ne, don tausayi wai, suka kai shi wurin wani tsohon wanzami aka yi masa lalas. An gasa ƙusa ta yi ja, an ɗana masa wuri bakwai a ƙugu, aka shafe da kitsen wutsiyar rago, aka ɗaure da tsumma, aka ce kada ya kwance sai bayan sati biyu. Ya yi ta haɗa gumi a cikin wannan ƙazantar yana ɓoye mini. Da na ɓanɓare tsumman, mugunya ta biyo hannuna. Na ruga bakin katanga na yi amai. Tir! Mutum da hankalinsa a gasa shi kamar tsire, ya ce na gode.

Na ja shi wurin likita ana ta ja-in-ja. Likitan ya wanke, ya ba mu magani, ya ce kullum a canza auduga. Wa zai canza? Waɗanda suka kai shi duk sun noƙe. Ni na yi ta yi, safe da yamma, rawani ɗaure a hancina, ina wankewa ina masifa. Abinci ma sai da ya fita raina.

Ranar ta zo. Mudir ya nuna wani jibgegen akwati ya ce, "Yalla, ya hajji." Baba ya tsuguna, ya rungume shi, ya tashi da gwiwa, ya kai shi har mota. Ya dawo ya ɗauki na biyu. Mudir ya kaɗa kai ya wuce. Ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashin rigar.

Kafin magariba labari ya cika gida, kuma kun san me aka ce? "Kai, hannun wanzamin nan akwai albarka!" Har shayi aka dafa wa wanzamin. Baba yana zaune bai musa ba, don wanzamin ya girme shi. Haushi ya turnuƙe ni. Na rantse gobe zan watsar da gwangwanayen nan in huta.

Washegari na hau don in kwashe su, na tarar da mutum biyar cikin waɗanda nake horarwa suna shawarar ranar da za su je a ɗana musu ƙusa. Sai ga Baba ya hawo. Ya saurare su, sannan ya kama wuyan rigarsa ya tuɓe ta gaba ɗaya, ya ɓare audugar da hannunsa, ya juya musu baya.

Ya ce, "Ku matso, 'ya'yana. Kowa ya sunsuna tukuna."