Rabin Harafi

Shekara huɗu na yi ina kula da injin ruwa mai aiki da hasken rana a ƙauyenmu, kusa da Jahun. In kunna, in kashe, in duba tanki, sannan in rubuta abin da ya faru a wayar da ofishin masu rijiyar suka ba ni. Duk abin da na rubuta yakan taru a rajistar wayar, ranar Juma'a ta tura shi Dutse gaba ɗaya.

Ni mutum ne mai fargaba. Sai in kulle ɗakin inji, in kai bakin masallaci, in dawo in girgiza kwaɗon. Karatuna bai wuce firamare ba, amma malaminmu na Hausa ya dasa mini tsoron haruffa masu lanƙwasa. Har yau ba na iya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" nake nufi. Kuma ban iya shiga magana ba gaisuwa. Kowane saƙo da sallama nake farawa, sai ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, sannan in zo kan batu.

Mai ɗakina takan leƙo ta ce, "Malam, wayar ta amsa kuwa? Ka tambaye ta ya jikin batir."

Wata safiya na ga ƙafar ƙarfen da ke ɗauke da tanki ta ci tsatsa har ta tsage, daidai inda mata ke jera bokitai. Na rubuta a waya. Kashegari na sake rubutawa. Na ɗaura igiya na kewaye wurin, mata suna tsallakewa suna cewa Baba ya fara kiwon tanki. Sati uku ba wanda ya zo.

Sai ga injiniyar ofishin ta sauka daga mota, mace mai fara'a, amma ran nan fuskarta a ɗaure.

"Baba, sati uku ba rahotonka ko ɗaya. Oga ya ce in ka gaji a nemi wani."

Ni da ko ranar sallah ban taɓa fashi ba! Na miƙa mata wayar. Ta zauna a kan dakali, ta haɗa ta da kwamfuta, ta yi ta dubawa. Can sai ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na motsi.

"Hajiya, lafiya?"

"Baba, zo ka ga aikinka."

Ta ce kowane saƙo gurbi ɗari biyu aka ware masa. Harafi na yau da kullum gurbi ɗaya yake ci, mai lanƙwasa biyu. Abin da ya haura sai wayar ta datse shi, ba tare da ta gaya wa kowa ba. Kullum datsewar tana faɗawa tsakanin harafi da harafi, rajista ta wuce lafiya, wutsiyar saƙon ce kawai ke ɓata. Ranar da na ba da labarin tanki kuwa, sai ta faɗa tsakiyar ƙ ɗin "ƙafar", ta raba shi biyu. Na'urar Dutse ta zo kan rabin harafi, ba ta san shi ba, ta ƙi karɓar rajistar da duk abin da ya biyo baya.

Na ce, "Wato duk shekarun nan gaisuwata kawai kuke samu?"

"Da ɗan abin da ya samu wuri. Akwai ma wani a ofis, in ya buɗe naka sai ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi."

Ta goge rabin harafin. Nan take saƙonnin sati uku suka jeru, kowanne da ranarsa, kowanne da sallamarsa. Ta kira ogan a gabana ta ce ban yi fashi ba, laifin manhajarsu ne, ita ya kamata ta san inda za ta yanka. Sai ta juyo.

"To Baba, me kake ta son gaya mana? Duk a 'ina sanar da ku cewa' suka tsaya."

Na kai ta gindin tankin, na ɗaga mata igiyar. Da ta ga tsagewar, dariyar ta ɗauke. Ta sa aka sauke ruwan tankin a take, kashegari mai walda ya zo daga Jahun.

Kafin ta tafi ta roƙe ni in riƙa fara saƙo da labari. Na ce lanƙwasar fa? Ta ce in bar kayata, su za su gyara nasu.

Na riƙe aikina. Tun daga ranar nake fara rubutu da "tanki lafiya" ko "famfo na biyu na yoyo", kai tsaye, kamar marar tarbiyya. Gaisuwar na mayar da ita ƙarshe, inda in za a datse, ita za a datse. Na yi sati ina damuwa ko mutumin nan mai amsawa zai ɗauka fushi nake. Mai ɗakina ta ce in hau mota in je Dutse in ba shi haƙuri. Da wasa ta faɗa, amma sai da na tambayi ƙarfe nawa motar farko ke tashi.