Maƙwabtan Kwana Biyu

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: a wannan labari ni ne wawan. Matata Hajiya ta tabbatar, 'yata ta amince, har mutumin Jos da ke hawan ƙasa da mu, wanda ba ya zagin kowa, ya dube ni ya girgiza kai. Kuma wautar ba ƙarama ba ce, don ta taɓo gidan da muke haya, wanda ba mu da wani sai shi.

Mun daɗe a wannan bene na unguwar Cheras, a ƙasar masu Malayanci. Da muka shigo 'yarmu rarrafe take yi, daga nan kuma aka kai ta ɗakin mijinta a unguwar Sentul. Sana'ata kilishi, kuka, daddawa da yaji, ina kai wa ɗaliban ƙasarmu masu neman digirin digirgir a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, mutanen da suka haddace littattafai amma in babu miyar kuka sai ƙwaƙwalwar ta tsaya. Bokona bai yi nisa ba, firamare ce ta gaji da ni kafin in gaji da ita. Turancina na ciniki ne, Malayancina na kasuwa. Abu ɗaya nake taƙama da shi, na san haƙƙin maƙwabci.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar ƙasa, muna ce mata Makcik, yadda ake kiran kowace gwaggo a nan. Ranar da muka tare, ko kaya ba mu kwance ba ta buga mana ƙofa da kwanon shinkafa mai kwakwa. Hajiya ta mayar da kwanon da dambu a ciki, don a gidanmu ba a mayar da kwano fayau. Ashe su ma haka suke. Shekara da shekaru kwano yana tsallaka wannan lungu, har muka manta na waye.

Da ƙafa ta gagari Makcik, ɗanta ya zo ya tafi da ita ƙauyensu, ya sayar da gidan. Masu fenti suka zo suka tafi. Aka rataye wata 'yar akwatin ƙarfe a jikin ƙyaure, mai lambobi kamar kwaɗon jaka. Ni na ɗauka ta wasiƙa ce.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci sai na ji gurrr a lungu. Saurayi da budurwa ne, farare tas, kowa yana jan jaka mai taya. Saurayin ya latsa lambobi, akwatin ta buɗe, ya zaro makulli. Na shiga gida da sauri.

"Hajiya, mun yi maƙwabta. Akwai sauran masa?"

"Ka bari su huta mana, Alhaji."

"Makcik ta bar ki kin huta?"

Ta zuba masa da miyar taushe, na ɗauka da kaina. Suka buɗe ƙofa a tsorace. Na nuna ƙirjina, na nuna ƙofarmu, na ce makan, makan, wato su ci. Yarinyar ta dafe baki, ta ɗaga waya ta ɗauki kwanon hoto, sannan ta ɗauke ni. Na ce wa Hajiya yara ne masu tarbiyya, za mu ji daɗin zama da su.

Ranar Litinin na tarar da kwanon a bakin ƙofarmu, a wanke, da alawa a ciki. Su kuma babu su.

Kafin in gama mamaki sai ga wasu, mata da miji da yara da wata kaka mai sari, zanen nan na Indiyawa. Na kai shinkafa da wake da mai da yaji. Kakar ta ɗanɗana yajin ta jinjina min kai, na ce to, waɗannan za su zauna. Ba su kai mako ba. Bayansu samari uku masu gajerun wanduna, na kai tuwo, suka ci da cokali kamar masu shan magani. Su ma suka ɓace.

A nan ne na zauna na yi nazari irin na manya, na gano bakin zaren.

"Hajiya, gidan can akwai mutanen ɓoye."

"Makcik ta shekara nawa a ciki ba su taɓa ta ba?"

"Ita ai sun saba da ita. Ki duba, duk wanda ya shiga kwana biyu ya fito da jakarsa a guje. Wa ke biyan haya ya gudu haka kawai?"

Daga ranar na ƙara wa abinci nasiha. Duk wanda ya sauka sai in gargaɗe shi da Turancina kada ya watsa ruwan zafi a banɗaki ba tare da bisimilla ba, kada ya bar taga a buɗe da magariba. Ina yi ina kwatantawa da hannu. Suna gyaɗa kai, suna ɗaukata a waya. Na ce a raina ko ba komai suna adana ilimi.

Mutumin Jos ne ya fasa min kwan. Malamin jami'a ne, Kirista, Baba yake ce min, mukan sha shayi tare a mamak ɗin da ke ƙasan bene, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi. Na ba shi labarin aljanun cikin sirri. Ya ajiye kofi don kada ya ƙware.

"Baba, babu aljani ko ɗaya. Otal ne."

"Otal ba maigadi, ba akawu, ba allo?"

"A waya yake duka. Mutum yana ƙasarsu zai kama ɗakin, a turo masa lambar akwati. Masu yawon buɗe ido ne. Ba ka ji gwamnati ta ce mutanen wasu ƙasashe su shigo ba biza ba? Jaka kawai za su ɗauka."

"Ba biza?"

"Ba biza, Baba."

Na tuna layin da na sha da takardu a hammata kafin in taka ƙasar nan, da wanda nake sha har gobe duk lokacin sabuntawa, gabana yana faɗuwa kamar ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba. Ga wasu kuma sun ɗauko jaka kamar masu zuwa cin kasuwar ƙauye. Ƙasarsu ce, ƙofarsu ce.

"To wa ka dinga ciyarwa duk watannin nan?" in ji shi. Dariya ta ci ƙarfinsa har mai shayi ya leƙo.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na hau sama na shaida wa Hajiya cewa matafiyi ma yana da haƙƙi, har ya fi na mazauni, don shi ba shi da tukunya. Na faɗi haka da muryar wa'azi. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, ba na iya kallon ƙofar nan a rufe ba wanda zan ce wa ina kwana. Akwai kuma wata gaskiyar ƙarama: na fara jin daɗin hoton. Na koma sa babbar riga kafin in tsallaka lungun da bai fi taku kaɗan ba. Har hula nake zaɓa.

"Alhaji, ɗaurin aure za ka?" Hajiya ke nan, tana kwashe tuwo, gumi yana bin wuyanta.

"Mutunci ne. Ƙasa guda nake wakilta."

"Ƙasar ta aiko da shinkafa?"

Ana haka benen yana sauya kama a idona. Akwatunan nan suka fara yaɗuwa a jikin ƙyamare kamar kaska a jikin saniya. Iyalin da ke ƙarshen lungu, masu yaran da ke kwashe min takalma su ɓoye, suka tashi. Mai ɗinkin hawa na sama ta tashi. Wuraren ajiye takalma da ke bakin kowace ƙofa suka ragu ɗaya bayan ɗaya, tukwanen furanni suka bushe. In ka kira lif sai ta buɗe cike da jakunkuna, mutanen cikinta su yi maka murmushin ban haƙuri, ta rufe. Kantin da Hajiya ke sayen albasa ya koma sayar da layin waya da ƙananan hasumiyoyin roba na tsarabar baƙi. A mamak aka buga sunayen abinci da hotuna, teburin da na shekara ina zama na tarar da wasu a kai suna ɗaukar mai shayi yana zuba shayi daga sama. Shi ma ya ƙara tsawon zubin.

Ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. Ina lazimi kunnena yana lungu. Da na ji gurrr sai in miƙe, in leƙa, in dawo, in sake miƙewa. Ko a cikin jirgin ƙasa, ina riƙe da jakar kilishi, lissafi nake ko an sauka a ƙofar gaba ba na nan. Hajiya ita ma ba ta da sukuni, amma nata daban ne. Duk lokacin da wata ƙofa ta samu akwati sai ta tsaya ta dube ta, ta dubi tamu.

"Wa'adin hayarmu ya kusa," ta ce wata rana. "Kana ganin Ankul zai bar mu?"

Ankul shi ne mai gidanmu, tsoho ɗan China, kowa haka yake kiransa. Na ce mata Ankul mutumina ne, kada ta damu. Na faɗa da ƙarfi don ni ma in ji.

Sai wata la'asar aka buga mana ƙofa. Tamu fa, ba ta gaba ba. Wani dogo ne da matarsa, kyamara a wuya, jakunkunansu ko ɗaki ba su kai ba. Ya yi magana, ban kama ba, ya sake a hankali. Tambaya yake ko ni ne kakan shinkafa, kuma ƙarfe nawa ake kawo abincin, don matarsa ba ta cin nama.

Na kira mutumin Jos a waya ya hau. Ya saurare su, ya juyo yana cije leɓe.

"Baba, ka yi suna. Duk wanda ya kwana a nan yana komawa ya ba da labari: akwai wani tsoho Baƙar Fata mai riga kamar tanti, yana kawo abinci kyauta, yana kuma ba da labarin fatalwa. Sun ce ɗakin nan sai ka kama tun da wuri. Saboda kai suka bar tsakiyar gari suka zo Cheras."

Na so in ji haushi. Wallahi na so. Amma abin da ya fara zuwa min shi ne, ashe har a ƙasashen waje. Da na juya sai na ga Hajiya a tsaye bayana da ludayi, ta harare ni ta koma kicin. Wannan fushin ya fi kwana biyu.

Ba a jima ba Ankul ya zo da kansa, abin da ba ya yi sai da dalili. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya tuɓe takalma, ya zauna a bakin kujera, ya karɓi shayi ya riƙe bai sha ba. Ya tambayi 'yarmu, ya tambayi ƙafata. Ni ina amsawa ina kallon hannunsa. Hajiya tana bakin ƙofar kicin, ita da ta fi ni jin Malayanci nesa ba kusa ba, don ita ce ta zauna da Makcik.

Ya ce 'ya'yansa sun matsa masa. Sun ce duk benen babu hawan da ake rububi kamar namu, shi kaɗai ya bar gidansa a hannun 'yan haya. Sun riga sun sayo akwatin ma, tana mota. Na fara tunanin inda za mu kai gadon nan, da buhunan kuka, da tsufanmu.

"Amma," in ji Ankul, ya ɗaga yatsa. Ya ce shi ya gaya musu in Haji ya tashi, me ya rage a hawan? Fenti da tawul. Don haka masu gidajen hawan sun zauna sun yi shawara. Mu ci gaba da zama, haya yadda take, ba ƙari. Sharaɗi ɗaya ne. Abincin nan ya riƙa zuwa kowace ƙofa mai akwati, kullum da yamma, su za su kawo shinkafa da mai. In sa rigar. Labarin fatalwar ma kada in daina, suna son shi.

"Sauƙi ne lah, Haji," ya ce. "Abin da kake yi ne dama. Boleh?"

Boleh a nan shi ne za a iya. Na gyara zama. Gida ya tsira, ga shinkafa, ga suna. Na ji rigar tana ƙara faɗi a jikina ko da ban sa ta ba. Na dubi Hajiya da fuskar wanda ya ci shari'a, na ce mata da Hausa:

"Kin gani ko? Abin da kike kira wauta shi ya riƙe mana gida. Da na biye miki da yanzu muna ɗaure kaya."

Na juya ga Ankul, na buɗe baki, boleh ɗin tana kan harshena. Hajiya ta kwance zanen girkinta, ta ninke, ta zo ta ɗora min a cinya.

"Karɓa mana, Alhaji. Ai kai ne kakan shinkafa, duniya ta shaida. Tukunya tana kan murhu, ashana tana taga. Ni gobe ina Sentul wurin 'yata, in ka dafa ka aiko min in ɗanɗana."